Waiwaye: Yadda Pantera ta kai ƙololuwa, da abin da ya raba ta

A watan Maris na 1994 wani faifai mai suna Far Beyond Driven ya fito a Amurka, kuma a makonsa na farko ya haye matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard 200, inda ake auna cinikin faifai na ƙasar baki ɗaya. Kiɗan da ke cikinsa ba irin wanda gidajen rediyo ke sakawa da rana ba ne. Hebi metal ne mai tsananin kaushi: jitar lantarki da aka murɗa har tana gurnani, ganguna masu dukan ƙirji, ga mawaƙi yana tsaga maƙogwaro da ihu. Masu faifan samari huɗu ne da ake kira Pantera. Shekara tara bayan nan babu ƙungiyar, shekara goma kuma babu mai kaɗa jitarta a duniya.

Asalin Pantera gida ɗaya ne a garin Arlington na jihar Teksas. A 1981 wa da ƙani, Vinnie Paul Abbott mai ganguna da Darrell Abbott mai jita, suka kafa ta suna 'yan makaranta. Mahaifinsu Jerry Abbott ma'aikacin sitidiyo ne, mai shirya waƙoƙin kantiri, don haka yaran sun tashi cikin na'urorin ɗaukar sauti, kuma shi ya shirya musu faifansu na farko-farko. Rex Brown ya shigo da jitar bas a 1982. A wancan lokacin yayin da ake yi shi ne na gashi buzu-buzu, matsattsun kaya da kwalliya, su ma haka suka bi, suna zagaya gidajen rawa na Teksas da maƙwabtanta. Daga baya sun riƙa kawar da kai daga faifan wannan zamani kamar ba nasu ba.

Canji ya zo da shigowar mawaƙi Phil Anselmo, ɗan birnin New Orleans, yana ɗan shekara 18. Muryarsa da irin kiɗan da yake saurare suka ja su zuwa ga kaushi. A nan ne wani abu ya faru da ke nuna irin ɗaurin da ke tsakanin 'yan'uwan biyu. Dave Mustaine na ƙungiyar Megadeth, wadda ta riga ta yi suna, ya nemi Darrell ya zo ya kaɗa masa jita. Darrell ya ce sai dai a ɗauke su tare da yayansa. Mustaine ya riga ya sami mai ganguna, magana ta mutu, Darrell ya zauna a ƙungiyar da manyan kamfanonin faifai suka yi ta ƙi. Sai a 1989 guguwar Hugo ta tsare wani ma'aikacin kamfanin Atco a Teksas, ya leƙa wasansu, kamfanin ya ɗauke su. Faifansu Cowboys from Hell ya fito a 1990, kuma su kansu daga nan suke fara lissafin tarihinsu.

A ranar 28 ga Satumba 1991, makonni kaɗan bayan yunƙurin juyin mulkin da ya ci tura a Tarayyar Sobiyat, suka yi wasa a filin jirgin sama na Tushino a Mosko tare da manyan ƙungiyoyin kiɗa Metallica da AC/DC, gaban dubban ɗaruruwan mutane. Wannan shekarar tana da muhimmanci ta wata fuskar. Kiɗan su Nirvana daga Seattle ya mamaye kasuwa, ya share 'yan kwalliyar nan, Metallica kuma ta sassauta sautinta ta sami ɗimbin sababbin masoya. Hankali zai ce kowa ya sassauta. Pantera ta yi akasin haka: Vulgar Display of Power na 1992 ya fi na baya nauyi, na 1994 ya fi shi. Sun tara jama'arsu ne ta hanyar yawon wasa ba hutu, gari bayan gari. A ganina wannan shi ne babban abin da suka bari a tarihin kiɗa: sun nuna cewa ana iya shiga tsakiyar kasuwa ba tare da an rage ko kaɗan daga abin da aka zo da shi ba. Jitar Darrell, wanda a lokacin ya koma amsa laƙabin Dimebag, ita ce ginshiƙi, ba ta gudu kawai ba ce, tana da wani taku mai sa jiki motsi.

Ɓaraka ta fara ne daidai lokacin da suke saman. Anselmo na fama da matsanancin ciwon baya, sakamakon shekarun tsalle da watsa jiki a kan dandamali. An ba shi shawarar tiyata, ya ƙi saboda jinyar za ta tsayar da aiki na tsawon lokaci. Ya koma ga giya da ƙwayoyin kashe zafi, daga nan ya faɗa wa heroyin. Da aka zo ɗaukar faifan 1996, sauran ukun suna Teksas, shi yana New Orleans yana ɗora muryarsa shi kaɗai a sitidiyon wani mawaƙi, Trent Reznor. Ranar 13 ga Yuli 1996, bayan wasa a Dallas, ƙwayar ta yi masa yawa har zuciyarsa ta tsaya na 'yan mintoci kafin ma'aikatan agaji su farfaɗo da shi. Vinnie Paul ya sha faɗa cewa sai a ranar suka san abokinsu na shan heroyin. Mutanen da ke kwana a mota ɗaya wata da watanni, amma ciwon ɗayansu ya ɓuya musu har ya kusa kai shi kabari: wannan kaɗai ya isa ya nuna inda zumuncin ya kai.

Sun sake fitar da faifai ɗaya a 2000. Wasansu na ƙarshe ya kasance a Yokohama ta Japan a watan Agusta 2001. Suna Dublin za su fara zagayen Turai aka kai harin 11 ga Satumba, aka soke tafiyar, kowa ya koma gida. Ba su ƙara hawa dandamali tare ba.

Abin da ya biyo baya ya fi komai ciwo, don babu wata rana da aka zauna aka ce an rabu. Anselmo ya duƙufa ga wasu ƙungiyoyinsa, Down da Superjoint Ritual, Rex Brown ma ya bi shi cikin Down. 'Yan Abbott sun ce hutun shekara guda aka nema, sun yi ta jira, sun yi ta kira ba a amsawa. Anselmo ya ce hutun da yardar kowa aka tafi. A 2003 'yan'uwan suka haƙura, suka kafa Damageplan. Daga nan sai kowane ɓangare ya koma aika wa ɗaya saƙo ta bakin 'yan jarida, har Anselmo ya faɗa wa mujallar Metal Hammer cewa Dimebag ya cancanci a lakaɗa masa duka. Ba na ɗora laifin rabuwar duka a kan mutum ɗaya, ciwo da jarabar ƙwaya ba ƙananan abubuwa ba ne, amma wannan furuci nasa ne, kuma mummuna ne.

Ranar 8 ga Disamba 2004, Damageplan ta fara wasa ke nan a gidan rawa na Alrosa Villa a Columbus ta jihar Ohio, wani matashi ɗan shekara 25, tsohon soja mai fama da taɓin hankali, ya hau dandamali ya harbe Dimebag a gaban yayansa. Ya kashe wasu mutum uku kafin wani ɗan sanda ya bindige shi. Dimebag na da shekara 38. Masu bincike ba su sami alaƙa tsakanin kisan da cacar bakin ba, amma hirar ta fito ne a daidai wannan lokaci, kuma iyalan mamacin suka hana Anselmo zuwa jana'iza. Vinnie Paul ya ci gaba da kiɗa a ƙungiyar Hellyeah, ya ƙi duk wani tayin dawo da Pantera, ya rasu a Yuni 2018 da ciwon zuciya yana da shekara 54, ba su shirya da Anselmo ba.

A 2022 Anselmo da Brown suka farfaɗo da sunan, da amincewar magadan 'yan'uwan biyu. Zakk Wylde, aminin Dimebag, ya ɗauki jita, Charlie Benante na ƙungiyar Anthrax ya hau ganguna, suka fara da Meziko a watan Disamba. Wani tsohon tabo ya biyo su: a 2016 an ɗauki hoton bidiyon Anselmo yana gaisuwar 'yan Nazi a wajen wani wasa, ya nemi afuwa daga baya, amma a 2023 manyan bukukuwan kiɗa biyu na Jamus, Rock am Ring da Rock im Park, suka cire su daga jerin masu wasa. A wurare da dama filaye na cika, da yawa daga cikin masu zuwa matasa ne da ba a haife su ba lokacin da aka yi wasan Yokohama. Tsofaffin masoya kuma har yau sun rabu biyu a kan ko ya dace a kira wannan Pantera alhali babu ko ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan Abbott da suka kafa ta.