Wai Yahudawa su kaɗai ne salihai a littafinsu?

Mutane da yawa sun ɗauka littafin Yahudawa bai yarda da nagartar wanda ba Bayahude ba, gaskiya ba haka bane fa. Ku duba littafin Fitowa da ke cikin Attaura, sura 18, surukin Musa, Yetro, firist ne (malamin addini) na ƙasar Madayana, ba Ba'isra'ile ba, amma shi ya ga Musa yana ta shari'a tun safe har yamma ya ce masa kai wannan aikin zai gajiyar da kai, ka naɗa amintattu marasa cin hanci su shugabanci mutum dubu-dubu, ɗari-ɗari, hamsin-hamsin da goma-goma, kuma Musa ya bi shawarar. Sairus sarkin Farisa kuwa, wanda ya ci Babila, littafin Annabi Ishaya sura 45 ma "shafaffe" na Ubangiji ya kira shi, wato wanda aka keɓe ta hanyar shafa masa mai, laƙabin da ake ba sarakunan Isra'ila.