Waiwaye: Yadda Aka Gano Abin da Ke Ɗaure Sinadarai

Tun kafin a san akwai wani abu wai shi ilektoron, wato ɗan mitsitsin abu mai cajin lantarki da ke cikin kowace ƙwayar sinadari, masana sinadarai sun lura da wani lissafi da ba ya tashi. Ƙwayar oksijin ɗaya takan kama ƙwayoyin haidurojin biyu a samu ruwa, ta naitirojin ta kama uku, ta kabon kuwa huɗu. A 1852 Edward Frankland, mutumin Ingila, ya bayyana cewa kowane sinadari yana da iyakar abin da zai iya kamawa. Bayan shekara shida August Kekulé na Jamus ya nuna cewa kabon yakan kama ɗan'uwansa kabon har su yi doguwar sarƙa. Da Mendeleev ya tsara jadawalinsa na sinadarai a 1869, sai ga masu kamu iri ɗaya sun faɗo gida ɗaya. Kowa na aiki da lissafin, amma ba mai iya cewa ga dalilinsa.

A 1894 Rayleigh da Ramsay suka gano argon, iskar da ta ƙi haɗuwa da komai. A 1897 J.J. Thomson ya gano ilektoron a Cambridge, sannan a 1913 Niels Bohr ya ce ilektoron suna zaune ne hawa-hawa kewaye da cibiyar ƙwaya. Daga nan hankali ya koma kan hawan waje, tunda shi ne ke fara gamuwa da maƙwabciya.

Shekarar 1916 ce ta warware ƙullin. Walther Kossel a Jamus ya yi bayanin bayarwa da karɓa. Sodiyom yana da ilektoron 11: biyu a ciki, takwas a tsakiya, ɗaya tilo a waje. Kulorin yana da 17, bakwai daga cikinsu a waje. Sodiyom ya saki ɗayan nan, kulorin ya cafe, kowanne ya samu takwas a waje irin na su argon, cajinsu ya saɓa, suka manne da juna. Gishiri ke nan. Wannan ilektoron tilo shi ya hana sodiyom zama lafiya: in an yanka shi da wuƙa, kafin a ankara ƙyallinsa ya dushe, in an jefa gutsurensa a ruwa, sai ya riƙa tsere a sama yana tartsatsi, shi ya sa ake adana shi cikin mai. Fotasiyom ya fi shi fitina, don nasa ilektoron ya fi nisa da cibiya, har wuta yake kamawa.

Amma ƙwayoyin kulorin biyu fa, in sun haɗu, wa zai bayar, wa zai karɓa? A wannan shekarar dai Gilbert Lewis na Amurka ya ba da amsa: kowace ta kawo ɗaya, su yi tarayya a kan biyun. Ɗige-ɗigen da ɗalibai ke zanawa kewaye da harafin sinadari har gobe nasa ne. Abin yana ci mini rai cewa mutumin nan ya rasu a 1946 bai samu kyautar Nobel ba.

A 1927 Heitler da London suka tabbatar da tarayyar ta hanyar lissafin kwantum, wato lissafin halayen ƙananan abubuwa irin su ilektoron, a 1932 kuma Linus Pauling ya auna ƙarfin da kowane sinadari ke jan ilektoron da shi. Sai ta bayyana cewa tarayyar ba kullum take raba daidai ba; a cikin ruwa, oksijin ya fi jan rabon zuwa gefensa.

Ƙa'idar takwas ɗin ma tana da iyaka, kuma ya kamata a faɗa wa ɗalibi haka tun farko. An daɗe ana koyar da cewa dangin argon ba sa haɗuwa da komai, sai a 1962 Neil Bartlett, yana aiki a Kanada, ya haɗa zenon, ɗaya daga cikin dangin, da wani sinadari mai filatinom da fulorin, ya samu daskararren abu mai launin rawaya.