Waiwaye: BBC iPlayer da shirin da ke mutuwa a kwamfutarka bayan kwana 30

Mu nan in aka ce an sauke abu to an sauke kenan, ya zama naka. Ka je shagon masu turi ka miƙa memori, yaro ya jona ta a kwamfuta ya loda maka fina-finai na ɗan abin da ba a rasa ba, ka dawo gida ƙaninka ya kwashe ta Xender shi ma ya tura wa abokansa, bayan shekara biyu ka ɗauko tsohuwar wayar a durowa ka tarar suna nan daram ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Shi ya sa in ka ce wa mutum a Ingila akwai tsarin da za ka sauke shirin talabijin ka ajiye a laftof ɗinka, kuma da kuɗinka aka yi shirin, amma ranar da ya cika kwana 30 ya ƙi buɗuwa ya goge kansa, sai ya yi maka kallon mai tatsuniya. To haka BBC iPlayer, tsarin kallon shirye-shiryen BBC ta intanet, ta fara a 2007, kuma kowane ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan yana da wanda ya haife shi, ba inji ba ne ya ga dama.

Mu mun san BBC ne ta rediyo, tun 1957 da aka buɗe sashen Hausa, ka murɗa akwatinka da safe ka saurara ba wanda ya taɓa tambayarka ko sisi. A can gida Birtaniya ba haka ba ne, duk gidan da ake kallon talabijin kai tsaye sai ya biya kuɗin lasisi duk shekara, a 2007 fam 135.50 ne, a 2025 ya kai fam 174.50, wanda aka kama yana kallo bai biya ba tarar na iya kaiwa fam 1,000. Da kuɗin nan ake tafiyar da gidan, shi ya sa ba ka ganin talla a tashoshinsu na cikin gida. To ka ga mutumin da ya biya gani yake kayan nasa ne, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai ba duka ba.

A watan Agustan 2003 shugaban BBC na lokacin Greg Dyke ya tsaya a taron masu harkar talabijin na Edinburgh ya ce za su buɗe wa jama'a rumbun tsofaffin shirye-shiryensu a intanet, kowa ya sauke ya yi amfani da shi kyauta matuƙar ba sayarwa zai yi ba. Aka yi ta murna, an shafa wa mutane zuma a baki. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba, don BBC ba ita kaɗai ke da shirye-shiryen da take nunawa ba. Doka ta tilasta mata ta sayo aƙalla kashi 25 cikin ɗari daga kamfanoni masu zaman kansu, kuma bayan dokar sadarwa ta 2003 su kamfanonin ne ke riƙe da haƙƙin mallakar abin da suka yi, BBC haya kawai ta ɗauka na wani lokaci. Ko wanda ta yi da kanta ma akwai marubuci, akwai 'yan wasa, akwai mai kiɗan da aka saka minti ɗaya a tsakiya, duk an yi yarjejeniya da su ne kan a nuna a talabijin sau kaza, ba a ce a raba wa duniya ba. Ga kuma ɓangarenta na kasuwanci na lokacin BBC Worldwide da ke sayar da faifan DVD yana kuma sayar wa tashoshin ƙasashen waje shirye-shiryen. In ka raba kyauta yau wa zai saya gobe?

Daga nan babban alƙawarin ya fara tsukewa ya koma "abin da ya wuce ka a makon nan". An yi gwaji da mutum 5,000 daga ƙarshen 2005 zuwa Fabrairun 2006, lokacin sunansa iMP. Sai kuma aka kafa BBC Trust a Janairun 2007, kwamitin da ke sa ido kan gidan, su da hukumar sadarwa ta Ofcom suka zauna duba ko abin zai kashe wa 'yan kasuwa kasuwa. BBC ta nemi a bar mutum ya ajiye shiri mako 13, aka ce ya yi yawa zai taɓa cinikin DVD, aka yanke shi zuwa kwana 30. Ta nemi in shiri mai dogon zango ne a bar duk sassansa har ya ƙare, aka ce to amma kar ya wuce kashi 15 cikin ɗari na kayan da ke ciki. Har kiɗan gargajiyar Turawa aka sa wa takunkumi, dalili kuwa a 2005 Radio 3 ta raba kiɗe-kiɗen Beethoven kyauta aka sauke su kusan sau miliyan 1.4, kamfanonin faifai suka ɗora hannu a ka. Ranar 30 ga Afrilun 2007 aka ba da izini da waɗannan sharuɗɗa.

Ranar 27 ga Yulin 2007 aka buɗe wa jama'a, kuma wlh in ka ji yadda ake yi sai ka ce gara ka jira a maimaita shirin. Dole kana Birtaniya, dole Windows XP, dole Internet Explorer, dole Windows Media Player, ka yi rajista a turo maka izinin shiga, sannan ka saka manhajarsu. Shiri in an nuna shi kana da kwana 7 ka sauke, in ka sauke kana da kwana 30 ka fara kallo, in kuma ka danna shi ko na minti ɗaya ne to wani agogon na kwana 7 ya fara bugawa, da ya cika shikenan fayil ɗin ya zama gawa. Kwaɗon da ke yin wannan aikin shi ake kira DRM kuma na Microsoft ne. Sannan saukewar ma ba daga BBC kaɗai take zuwa ba, sun yi amfani da fasahar Kontiki, wato kwamfutarka na karɓa daga kwamfutocin wasu ita ma tana tura wa wasu, kuma akwai wani ɗan abu mai suna KService da ke ci gaba da aiki a ɓoye ko ka rufe manhajar, yana ta tura kaya da intanet ɗinka kai kana barci. Mai biyan data da awo ya san zafin wannan, mu kam ai ba sai an yi mana bayani ba. Kamfanonin intanet irin su Tiscali su ma suka taso wai BBC za ta cika musu layi, ta kawo nata kason na kuɗin faɗaɗawa.

Amma rigimar da ta fi tashi ita ce ta masu Mac da Linux, wato kwamfutocin da ba Windows suke amfani da ita ba. Hujjarsu ba ta da wuyar ganewa, mun biya lasisi daidai da kowa, don me gidan jama'a zai ce sai mun sayi kayan wani kamfanin Amurka kafin mu kalli abin da muka biya. Ƙungiyar Open Source Consortium ta kai ƙorafi, mutum sama da 16,000 suka sa hannu a takardar koke a shafin fadar firaminista, a watan Agusta kuma masu fafutukar Defective by Design suka je ƙofar Television Centre, gidan talabijin na BBC a Landan, sanye da rigunan nan ruwan ɗorawa na masu kwashe guba, wai DRM gubar ce. Abin da ya ƙara wa wutar fetur, Ashley Highfield da ke jagorantar ɓangaren fasahar ya ce masu Linux da ke shiga shafin BBC ba su wuce 400 zuwa 600 ba, aka yi masa ca, daga baya ya dawo ya ce lissafin na iya kaiwa tsakanin 36,600 da 97,600. Daga ɗari shida zuwa kusan dubu ɗari fa. A shekarar ne kuma suka ɗauko Erik Huggers daga Microsoft ɗin, masu zargi suka ce kun gani ko.

Ni dai inda abin ke ba ni dariya, shirin nan da aka garƙame da kwaɗo a intanet jiya da daddare an watsa shi a iska ba kwaɗo ba komai, duk mai eriya da na'urar ɗauka ya ɗauke abinsa ya ajiye har jikokinsa. Wato an kulle ƙofa alhali katangar gidan a faɗe take. Mai satar fasaha bai ma san ana yi ba, wanda ya bi ƙa'ida shi ke shan wahala. Su ma na ciki ba wai ba su sani ba ne, amsar da suke bayarwa ita ce in babu kwaɗon masu haƙƙin mallaka ba za su sa hannu ba, in ba su sa hannu ba kuma babu iPlayer gaba ɗaya, kuma gaskiya wannan ma magana ce.

Abin da ya ceci tsarin ba wata doka ba ce. Sun ɗauko Anthony Rose wanda ya yi aiki da Kazaa, eh Kazaa ɗin nan da aka sani da musayar waƙoƙin sata, suka ƙulla da Adobe, a Disambar 2007 aka kawo kallo a shafi ba sai an sauke ba, da fasahar Flash ta Adobe ɗin, ka danna kawai ya fara, ko Mac ko Linux. Ranar Kirsimeti aka yi babbar ƙaddamarwa, kafin ka ce kwabo masu kallo a shafi sun ninka masu saukewa kusan sau 8. Duk ihun da aka yi kan saukewa ashe yawancin mutane ba ita suke so ba. A Maris 2008 aka yi na iPhone, da yake ita ba ta ɗaukar Flash ko kwaɗon Microsoft sai aka tura mata bidiyon haka nan a buɗe, yaran kwamfuta kuwa suka sa kwamfutocinsu na yin ƙaryar cewa su iPhone ne suna kwasar kaya, BBC ta toshe su buɗe ta toshe su buɗe. A Disambar 2008 aka watsar da Kontiki aka kawo sabuwar manhajar saukewa da ke aiki a Mac da Linux, saukewa a iPhone da iPad kuma ta zo a 2012.

Takunkumin kwana 7 ɗin nan da shiri ke yi a shafin bayan an nuna shi ya daɗe, sai Oktoban 2014 ya koma kwana 30, sai Agustan 2019 Ofcom ta yarda ya zama shekara guda. Kafin nan kuwa Netflix ta shigo Birtaniya tun Janairun 2012 ta baje kolinta ba mai ce mata kwana kaza. Kuma tun 2009 hukumar hana babakere a kasuwanci ta kashe Kangaroo, shirin da BBC da ITV da Channel 4 suka so haɗa kayansu wuri guda, wai zai yi ƙarfi da yawa. An yi ta tsaron kar ɗan gida ya danne maƙwabta, baƙo ya zo ya ci kasuwar, BritBox da BBC da ITV suka haɗa daga baya sai Nuwamban 2019 ta buɗe a Birtaniya, ihu bayan hari.

Ta wani gefen kuma ƙara ɗaurewa aka yi. Da can lasisi na mai kallo kai tsaye ne, don haka ɗalibai da yawa suka daina biya suna jira a gama shiri su kalla a iPlayer, ranar 1 ga Satumban 2016 aka toshe wannan ƙofar, a 2017 kuma aka ce sai ka buɗe akawun ka shiga da shi.

Sharaɗi ɗaya da bai taɓa motsi ba tun ranar farko shi ne na iyaka. Suna duba adireshin IP ɗinka, wato lambar da ke nuna daga ƙasar da kake shiga intanet, in ba na Birtaniya ba ne a ce maka a nan kawai yake aiki, ko kai ɗan ƙasar ne mai lasisi ka fita hutu, sai dai abin da ka riga ka sauke kafin ka hau jirgi. Dalilin dai shi ne wancan na farko, ƙasa ƙasa ake sayar da haƙƙin nunawa. Masu kallon Firimiya za su fi ganewa, BBC ta sayi izinin nuna taƙaitattun wasanni a Match of the Day ne don Birtaniya kawai, a nan yankinmu SuperSport ce ta biya, har a can ɗin ma shekarun farko ba a saka shirin a iPlayer. Sun gwada na 'yan waje na biya a Yulin 2011, aka fara da ƙasashe 11 na yammacin Turai a iPad kan yuro 6.99 a wata, ya kai ƙasashe 16, bai taɓa shiga Amurka ba balle Najeriya ko Nijar, aka rufe shi a 2015. Masu VPN kuma suna nan ana wasan ɓuya da su har yau.

Ita kuwa manhajar saukewa a kwamfuta, magajiyar wadda a kanta aka sa rigunan guba aka tara sa hannu 16,000, a 2024 BBC ta rufe ta da dalilin masu amfani da ita sun yi kaɗan kuma riƙe ta na cin kuɗi, yanzu sai a waya ko tablet, kuma abin da ka sauke har yanzu yana da ranar mutuwarsa. A Yulin 2025 katangar ta iso rediyo, aka rufe manhajar BBC Sounds ga duk wanda ke wajen Birtaniya, aka ce su koma BBC.com inda za su samu World Service da Radio 4.