Kwanan daji a mota a ƙasar Maraɗi

Kwanan daji a mota shi ne matafiyi ya yada zango nesa da gari, ya kwana cikin motarsa ko a gefenta, ko da niyya, ko don dare ya riske shi, ko don mota ta lalace. A Turai da Amurka abin shaƙatawa ne. Akwai motocin da aka ƙera da gado da murhu da tankin ruwa da makewayi a ciki, iyali su ɗauka su tafi hutu, irin wadda Faransawa ke kira camping-car. A jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar ba kasafai ake ganin irinta ba, kuma akasarin masu kwana a daji larura ce ke kwantar da su: direbobin manyan motoci da yaransu, ƴan kasuwar bisashe masu bin kasuwannin mako, maginan rijiya, da ma'aikatan rigakafi masu shiga rugage. Tsaronsu ya shafi ɓarayi da masu garkuwa da mutane, ya kuma shafi ruwa, wuta, ƙishirwa da maciji.

Zangon fatake

Tun kafin zuwan mota ƙasar Hausa na da tsarin kwana a hanya, kuma yawancin dabarun direbobin yau daga can suka samo asali. Fatake ba sa tafiya ɗai-ɗai. Sukan haɗu su zama ayari, wani lokaci na ɗaruruwan mutane da jakuna da takarkarai, musamman masu zuwa Gwanja sayo goro da masu sauko da gishiri daga Abzin. Shugaban ayari shi ne madugu. Akwai jagaba, wanda ke gaba yana duba hanya da wurin sauka, akwai uban dawaki mai taimaka wa madugu da kula da bayan ayari, sannan akwai malami mai duba ranar tashi da yin addu'a.

Ayari kan kama hanya da asuba ya sauka tun rana na sama, ba a jiran magariba. Dalilin a fili yake: ana son a ga wurin da ido, a shayar da dabbobi, a yi itace, a kafa bukkoki, a tara kaya a tsakiya, a ja shingen ƙaya in wurin na da tsoro. Da dare ana gadi bi da bi. Amma babban aikin madugu ba na faɗa ba ne. Shi ne ke shiga gari ya gai da sarki ko mai gari, ya miƙa gaisuwa, ya biya abin da aka aza wa ayari, ya ji labarin hanyar gobe. In sarki ya karɓi gaisuwa, ayari ya shiga amanarsa, wanda ya taɓa shi kuma ya taɓa mutuncin garin. Fatake na riƙe da kwari da baka da takubba da masu, daga baya da bindigogin toka, sai dai ayarin da ya kai ga zare makami ana ganin dabarar madugunsa ce ta gaza.

Ƙasar Maraɗi na da nata matsayi a wannan tarihin. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina wajajen 1807, gidan sarautar Katsina ya yi hijira arewa, kuma a ƙarƙashin Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi, galibi ana cewa wajen 1819. Daga nan Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri suka yi shekaru da dama suna kai hari kan garuruwa da hanyoyin daular Sakkwato. Dazuzzukan da ke tsakanin ɓangarorin biyu suka zama wuraren da ba a kwana, sai dai a ratsa da sauri, dare da rana. Dajin Gundumi da ke kan hanyar Sakkwato ya yi suna a wannan fanni. Bajamushen nan mai yawon binciken ƙasa, Heinrich Barth, ya sauka Tasawa a watan Janairun 1851, ya bi ta Gazawa ya ratsa dajin da ke tsakaninta da Katsina a cikin ayarin gishiri, abokin tafiyarsa Adolf Overweg kuwa ya nufi Gobir da Maraɗi. Ko su Turawan, da bindigoginsu, inuwar ayari suka shiga.

Musulunci ya ƙara wa tsarin ƙarfi. Akwai hadisan da suka yi umurni in mutum uku sun fita tafiya su naɗa ɗaya shugaba, suka hana tafiyar dare mutum shi kaɗai, suka kuma hana sauka a kan tsakiyar hanya da dare saboda nan ne mabiyar dabbobi da miyagun ƙwari. Malaman zaure na karantar da waɗannan har yau a babin ladubban tafiya.

Zamanin mota

A ƙarshen 1924 wani ayarin motocin kamfanin Citroën da ya taso daga Aljeriya ya bi ta Yamai da Tasawa da Damagaram ya nufi tafkin Cadi, yana kwana a hanya. Daga baya cinikin gyaɗa ya cika ƙasar Maraɗi da manyan motoci, aikin madugu ya koma hannun direba da ɗan kamasho, zango ya koma tasha da rumfar mai shayi.

Masu kwana a mota don yawon buɗe ido sun fi yawa a shekarun 1970 da 1980. Samarin Turai kan ratso Sahara ta Tamanrasat da Asamaka da Arlit zuwa Agadas, wasu cikin Volkswagen mai gado, wasu cikin tsofaffin Peugeot 504 da suke sayarwa in sun iso. Daga Agadas wasu su bi ta Damagaram, wasu ta Tawa da Ƙonni, su faɗo kan babbar hanyar da ta ratsa Maraɗi, masu zuwa Kano kuma su fita ta Ɗan Isa da Jibiya. A lokacin mutum na iya kauce wa kwalta kaɗan ya kwana a gindin gawo, abin da zai dame shi bai wuce yara masu zuwa kallo da safe ba.

Wannan zamani ya ƙare a hankali. Tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995 da yaƙin basasar Aljeriya sun toshe hanyar arewa. A shekara ta 2000 masu gasar motoci ta Dakar sun kwashe motocinsu da jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar hari. A 2003 aka sace Turawa masu yawon buɗe ido 32 a hamadar Aljeriya. A watan Disamban 2007 aka harbe Faransawa huɗu da suka tsaya cin abinci a bakin hanya kusa da Aleg ta Muritaniya, aka soke gasar Dakar ta 2008 baki ɗaya. Ranar 9 ga Agustan 2020 aka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da ƴan Nijar biyu, direba da ɗan jagora, a gandun raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. A watan Oktoban shekarar aka sace wani Ba'amurke a Masalata kusa da Ƙonni, sojojin ƙasarsa suka kuɓutar da shi a cikin Najeriya bayan ƴan kwanaki.

Halin yankin

Jihar Maraɗi ba ɗaya take ba ta fuskar tsaro. Kudancinta, wato sassan Madarunfa da Gidan Rumji, na iyaka da jihohin Katsina da Zamfara da Sakkwato, inda ƴan bindiga ke tsallakowa a kan babura su kore shanu su ɗauki mutane don kuɗin fansa. Dajin Baban Rafi na cikin wuraren da ake yawan ambata. Tun 2019 dubun-dubatar mutane suka gudo daga Najeriya suka fake a ƙauyukan Gidan Rumji. A wannan yanki babu wata dabarar zango da ke maye gurbin isa gari kafin la'asar sakaliya.

Arewa, wajen Dakwaro da Barmo, ƙasar makiyaya ce, garuruwa na nesa da juna. Can ne gandun Gadabeji yake, wanda aka keɓe a 1955 aka kuma kai masa raƙuman dawa daga Kure a 2018. Haɗarin can ya fi karkata ga rairayi, nisan ruwa da gobarar daji bayan ciyawa ta bushe.

Baƙi ƴan ƙasashen waje ba su da ƴancin kwana inda suka ga dama. Hukumomin Nijar na buƙatar izini da rakiyar jami'an tsaro ga baƙon da zai fita wajen Yamai, kuma an ƙara tsaurara wannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023.

Zaɓen wurin kwana

Direbobin da suka daɗe a hanya sun fi son kwana a bakin gari, kusa da masallaci, makaranta, gidan likita ko shingen jandarma, a kan kwana a fili inda ba kowa. Wannan ya saɓa wa ɗabi'ar masu yawon shaƙatawa na Turai, waɗanda ke neman wurin da ba mai ganinsu. A ƙasar Hausa motar da ta ɓuya a bayan gari ta jawo zargi, kuma ba a jima ba makiyayi ko mai itace ya gan ta, labari ya kai inda bai kamata ba.

Abin da aka saba shi ne babban tafiyar ya sauka ya tambayi ƙofar mai gari. Ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya ce, «Ranka ya daɗe, baƙi ne, dare ya yi mana, muna biɗar wurin da za mu aje mota zuwa safe.» Mai gari kan ce, «Marhabin da ku, Malam, daga ina?» sannan ya sa yaro ya nuna musu fili, sau da yawa a ƙofar gidansa, a kawo ruwa ko fura. Da safe a yi ban kwana da ɗan goro ko sukari da ganyen shayi. In hanyar gaba ba ta da kyau, a wannan zaman ake jin haka, domin matambayi ba ya ɓata.

In dole ta sa aka kwana a fili, akan juya gaban mota zuwa mafita tun kafin duhu, a bar makulli wuri guda da kowa ya sani, kada a baje kaya, a kashe fitila da wuri. Ba a sauka a kan burtali, domin garke na iya biyowa da dare, ba a kuma rufe hanyar rijiya. Ba a shiga gonar da ba a girbe ba. Yaron mota kan sa dutse a bayan taya, ya shimfiɗa tabarma a saman kaya ko a kan gado mai ƙafa, ya kakkaɓe takalminsa da safe kafin ya zura ƙafa.

Ruwa, zafi da wuta

Da damina ba a kwana a kwari ko cikin gulbi, ko da rairayinsa a bushe yake. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ruwa na iya saukowa da dare alhali ko ɗigo bai zuba a wurin ba. Garin Maraɗi kansa a bakin fadama yake da farko, ambaliyar 1945 ce ta rushe shi aka koma kan tudu.

Da bazara, a watannin Afrilu da Mayu, zafi na haura maki 40. Mutum ɗaya na iya shan fiye da lita 5 a yini, ban da na mota da na girki, shi ya sa ake raba ruwa a jarkoki da yawa don kada hudar ɗaya ta tafi da duka. In mota ta mutu a wurin da ba a sani ba, shawarar da aka fi bayarwa ita ce a zauna kusa da ita, domin mota ta fi mutum saurin ganuwa. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, akasari mata da yara, a hamadar arewa da Arlit bayan motocinsu sun lalace.

Da hunturu haɗarin na cikin motar ne. Garwashin da aka shigo da shi aka rufe gilasai, ko janareta da aka tayar kusa da taga, na fitar da iskar da ba ta da wari, mai barci ya wuce bai farka ba.

Maciji da kunama

Kububuwa ce ta fi yi wa mutane illa a wannan yanki, sai kasa da gamsheƙa. Likitoci na hana tsagawa, tsotsa da ɗaure gaɓa tamau. Ana so a kwantar da wanda aka sara, a hana gaɓar motsi, a kai shi asibitin da ke da allurar dafi. Baƙin dutsen da ake liƙawa a kan sara yana da masu yarda da shi, binciken likita bai tabbatar da amfaninsa ba. Gidan sauro wajibi ne daga damina zuwa kaka.

Makami da kare kai

Mallakar bindiga a Nijar sai da izinin hukuma, kuma ƙasar na da hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994. Wanda aka samu da bindiga a mota ba takarda, a yankin iyaka musamman, zai sha wuyar nuna cewa shi ba ɗan ta'adda ba ne. Dokar laifuka ta yarda da kare kai muddin harin na gudana kuma martanin bai wuce kima ba. Malaman fiƙihu ma sun halatta tunkuɗe maharin rai da dukiya, ana farawa da mafi sauƙi.

A aikace matafiya na riƙe da sanda, adda da tocila, waɗanda sun isa korar ɓarawon dare ko kare. Gaban mutum goma masu bindigogi a kan babura ba su da wani amfani, kuma ƙungiyoyin agaji na koya wa direbobinsu su nuna hannu, su miƙa makulli, kada su yi gardama ko su zura hannu aljihu ba zato. Layu, guru da maganin ƙarfe na nan tun zamanin fatake, ra'ayin malamai ya rabu a kansu. Haka ma batun ƴan banga: wasu na ganin sun rage hare-hare, wasu na ganin sun hura wutar ramuwa.

Sadarwa

Lambar ƴan sanda a Nijar 17 ce, ta ƴan kwana-kwana 18. Rezo, wato sabis ɗin wayar salula, na yankewa da zarar an yi nisa da kwalta, don haka direbobi kan riƙe layin kamfani biyu, su kuma shaida wa wani a gida ko a tasha garin da suke nufin kwana da lokacin da ya kamata a ji daga gare su.