Abincin Filifin na zamani a hutun rana: me za ka ci, me za ka kiyaye?

Duk wanda ya zauna Dubai ko Jidda ko Doha ya san 'yan Filifin suna da yawa a can, asibiti ne, otal ne, shaguna ne, shi ya sa gidajen abincinsu suke ta buɗewa kusa da wuraren aiki. Mutanenmu da yawa suna wucewa ta ƙofa amma ba sa shiga, ga irin tambayoyin da suke yi.

Wai abincinsu ba irin na 'yan China ba ne?

A'a, duk da akwai hannun China a ciki, taliyarsu pancit da lumpia da ake naɗewa a soya duk daga 'yan kasuwar China suka zo. Sifen ta mulke su sama da shekara 300 har zuwa 1898, Amurka ta karɓa har 1946, kowa kuma ya bar nasa a tukunya. Amma abin da yake nasu na kansu shi ne tsami. Yawancin girkinsu ba yaji sosai, ruwan khal ne da tsamiya da wani ɗan mitsitsin lemun tsami calamansi suke ɗaga ɗanɗanon, in ka je kana jiran barkono ya tsatstsafo maka da gumi to ba haka lissafin yake ba.

To shi "na zamani" ɗin fa?

Girkin gida ne dai aka gyara masa zama, aka rage maiƙo, aka zuba kason mutum ɗaya a faranti maimakon kwano a tsakiya kowa ya ɗiba. Gidan abincin Toyo Eatery na kuku Jordy Navarra da aka buɗe a Makati, yankin Manila, a 2016 yana cikin waɗanda suka yi suna da wannan salon, sai Kasama na Chicago da ya samu tauraron Michelin, lambar yabon manyan gidajen abinci, a 2022, shi ne gidan abincin Filifin na farko da ya samu. Ni dai ma'aunina ɗaya ne, in sun kashe tsamin don su burge baƙi to sun ɓata abin, komai kyan faranti.

Awa ɗaya gare ni, me zan ce a kawo?

Adobo na kaza da farar shinkafa. An dafa shi da ruwan khal da soya sos da tafarnuwa da masoro, tun kafin ka zo yana tukunya don haka ba jira. In ranar kana son romo ka nemi sinigang na kifi ko jatan lande, tsamiya ce jigonsa, harshen da ya saba da kunun tsamiya ba zai yi baƙunta ba. Akwai inasal, gasasshiyar kaza irin ta garin Bacolod, sai dai gashi yana ɗaukar lokaci. Kare-kare kuwa, wato wutsiyar sa a miyar gyaɗa, yana da daɗi wallahi amma nauyi gare shi, ka bar shi sai ranar da ba ka komawa ofis. Kada ka raina ɗan kwanon miyar dangwale da za a ajiye maka a gefe, a wajensu kai ne za ka ƙarasa girkin a farantinka.

Maganar naman alade fa, gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma nan ne ya kamata ka buɗe ido. Mafi yawan 'yan ƙasar Kirista ne kuma alade yana cikin manyan namansu. Lechon alade ne da aka gasa ɗungurungum, sisig na asali daga lardin Pampanga da naman kan alade ake yi, dinuguan kuwa da jininsa. A Saudiyya doka ta hana shi gaba ɗaya, za ka tarar an musanya da kaza ko kifi ko sa, a Dubai ma sai wuraren da ke da lasisi, amma in Landan ne ko Manila to sai ka tambaya da bakinka, kuma ba naman da ke saman faranti kaɗai ba. Ka tambayi romon da aka ɗora miyar a kai, da abin da aka cusa cikin lumpia, da man suya, da garin da ake barbaɗawa kan pancit palabok don sau da yawa soyayyar fatar alade ce aka daka. Kazar ma ka tambaya ko yankan halal ce.

Su Musulmin ƙasar ba su da nasu girkin?

Suna da shi sosai, a kudu, Mindanao da Sulu. Mutanen Tausug suna da tiyula itum, baƙin romon naman sa da ake yi da ƙonanniyar kwakwa, da piyanggang na kaza. Akwai pastil na Maguindanao, shinkafa da yagaggiyar kaza a naɗe cikin ganyen ayaba, ga arha ga sauri. Abin yana damuna yadda ba a cika ganinsu a menu ba, in ka gani kada ka wuce.

Da hannu ake ci ko da cokali?

Cokali a dama, mai yatsu a hagu yana tura shinkafa, ba ruwansu da tsinken cin abinci. Ci da hannu kan ganyen ayaba ma al'adarsu ce, amma wannan na taron jama'a ne.

In minti goma ya rage fa?

Halo-halo. Niƙaƙƙiyar ƙanƙara da madara da wake mai zaƙi da 'ya'yan itace, a sama a ɗora ube, wata doya mai launin shunayya. Ka juya shi sosai kafin ka sha, in kuwa lokaci ya ƙure ka ce a zuba maka a kofi ka tafi da shi.