Digirin injiniya mai sassauci: iyakar da dokar tantancewa ta gindaya masa

Idan jami'a ta ce digirinta na injiniya mai sassauci ne, abu uku take iya nufi. Ko dai ɗalibi ya yi shekarar farko ta bai-ɗaya kafin ya zaɓi fanni, ko ya riƙa ɗaukar kwasa-kwasai kaɗan-kaɗan yana aikinsa na neman abinci, mafi yawa ta intanet, ko kuma a ba shi dama ya tsinto darussa daga fannoni daban-daban ya haɗa nasa tsarin. Duka ukun halal ne. Sai dai jami'a ba ita kaɗai ke da ta cewa a kan digirin injiniya ba. Akwai hukumomin tantancewa da ke tsaye a kanta, kuma su ne ke yanke ko takardar da aka ba ka za ta kai ka ga rajistar zama cikakken injiniya.

Tushen maganar shi ne Yarjejeniyar Washington ta 1989. Hukumomin ƙasashe shida ne suka fara sa mata hannu: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ireland, Ostireliya da New Zealand. Daga baya wasu suka shigo, Afirka ta Kudu a 1999, Japan a 2005, Indiya a 2014, Sin a 2016, Pakistan a 2017. Abin da suka amince a kai shi ne, digirin da ɗaya daga cikinsu ta tantance a ƙasarta, sauran za su ɗauke shi daidai da nasu a fannin ilimi. Iyakarta ke nan. Ba ta ba kowa lasisin aiki. Lasisi na hannun kowace ƙasa, da shekarun gogewa da jarrabawar da take nema. Akwai kuma ƙannenta biyu, ta Sydney ta 2001 don masu fasahar injiniya da ta Dublin ta 2002 don masu aikin fasaha na hannu, kuma digirin da ke ƙarƙashin ta Sydney ba ya cin gajiyar ta Washington.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne zaton cewa jami'a ake tantancewa. Digiri ake tantancewa, ɗaya bayan ɗaya, da sunansa. Jami'a guda tana iya samun amincewa a digirin lantarki na masu zama a aji, alhali irinsa na masu karatu daga nesa bai samu ba, ko reshenta na wata ƙasa bai shiga ciki ba. A Birtaniya ana rubuta amincewar ne da sunan digirin, da yadda ake koyar da shi, da shekarun shiga da ta shafa, kuma ba ta wuce shekara biyar sai an sabunta. A Amurka hukumar ABET, mai tantance digirin injiniya a can, tana sake dubawa aƙalla duk shekara shida. Mai ɗaukar kwasa-kwasai kaɗan-kaɗan ya fi kowa shiga wannan tarko, domin shi zai daɗe a hanya. Haka nan hukumar da ke matakin wucin gadi a yarjejeniyar, digirinta bai samu karɓuwa wurin sauran ba tukuna, kuma a bisa ƙa'ida karɓuwar tana farawa ne daga lokacin da ta zama cikakkiyar mamba, ba ta komawa kan waɗanda suka gama tun da daɗewa.

To, me aka ɗaure a cikin digirin kansa? Ƙa'idar ABET ta fi fitowa fili da alƙaluma. Kiredit shi ne ma'aunin yawan karatu, kuma dole a samu aƙalla kiredit 30 na lissafi da kimiyyar tushe a matakin jami'a, da gwaje-gwaje a ciki, sannan aƙalla kiredit 45 na darussan injiniya zalla, sai babban aikin zane da ƙira na ƙarshe wanda ke tattara abin da aka koya a baya. A digirin da yakan kai kiredit 120 zuwa 130, an riga an kulle 75 ke nan kafin ka zaɓi komai. Sunan digirin ma yana jawo nasa sharuɗɗan: idan an sa masa sunan fannin gine-gine da hanyoyi, ko lantarki, ko injina, sai ya cika ƙarin ƙa'idojin wannan fannin. Wanda aka kira digirin injiniya kawai, ba tare da fanni ba, da ƙa'idar bai-ɗaya ake auna shi. Shi ya sa ya fi sakin mara. Amma wanda ya san gada zai gina, gara ya bi fannin da ke ɗauke da sunan, don masu ɗaukar aiki sunan suke fara dubawa.

Lissafin lokaci kuwa ba ya sassauci ko kaɗan. A tsarin Birtaniya kiredit ɗaya awa 10 ne na karatu. Digirin BEng, wato digirin farko na injiniya, a Ingila kiredit 360 ne, wato awa 3,600, shekara uku ga mai cikakken lokaci. Mai ɗaukar kiredit 60 a shekara zai yi shekara shida, kuma awa 600 ɗin nan idan aka raba su a watannin karatu sukan kama awa 16 zuwa 18 a mako. Ga mai tashi aiki da yamma, wannan na nufin awa biyu kowane dare da yini guda a ƙarshen mako. Wanda kuma ke son matsayin CEng, wato rajistar cikakken injiniya a Birtaniya, BEng kaɗai ba ya isa a fannin ilimi: sai MEng, digirin da ya haɗa na farko da na biyu, mai kiredit 480, ko BEng da ƙarin karatu a matakin digiri na biyu. A tsarin kiredit na Turai, wato ECTS, shekara guda kiredit 60 ce, don haka 120 na Birtaniya daidai yake da 60 na can. Kiredit ɗin Amurka kuma wani ma'auni ne daban. Mutane da yawa kan rikita waɗannan wajen neman canjin makaranta, su ɗauka sun tara abin da ba su tara ba.

Akwai wata doka ta Majalisar Injiniyoyin Birtaniya da ɗalibai ba su cika sani ba sai ta rutsa da su. Jami'a tana da al'adar ɗaga wa ɗalibi ƙafa idan ya faɗi kwas da ɗan rata kaɗan amma sauran sakamakonsa ya yi kyau. A digirin da aka tantance, wannan rangwamen ba ya wuce kiredit 30 a duk tsawon digirin farko. Makin kuma kada ya gaza makin cin jarrabawa da fiye da 10: inda ake ci da 40, wanda ya samu 32 ana iya duba shi, mai 28 sai ya maimaita. Babban aikin ƙarshe, na mutum ɗaya ko na rukuni, ba a yi masa rangwame sam. Wanda ya zarce iyakar, jami'a tana iya ba shi digiri bisa nata dokokin, amma ba wanda aka tantance ba, sau da yawa ma da wani suna daban.

Sai sarƙar kwasa-kwasai, wadda ita ce ke cinye shekarun masu karatu a hankali. A lissafi, kwas ɗin kalkulas na farko shi ke buɗe na biyu, na biyun ya buɗe lissafin da ake buƙata a darussan da'irar lantarki da na gudun ruwa. Darasin nauyi da ƙarfi a kan abin da ke tsaye shi ke buɗe na juriyar ƙarfe da kankare, shi kuma ya buɗe na zane. Yawancin waɗannan sau ɗaya ake koyar da su a shekara. Ɗalibi ya ajiye kalkulas na biyu a wannan zango don aiki ya yi masa yawa, yana ganin kwas ɗaya ya jinkirta, ashe uku ya tura gaba da shekara guda. Idan dole sai an rage kaya, a ajiye darussan zaɓi, a riƙe lissafi. Mai shekarar farko ta bai-ɗaya ma ya duba tun ranar rajista: wanda zuciyarsa ke karkata ga fannin sinadarai amma bai ɗauki kemistiri ba, ƙofar ta rufe tun kafin ranar zaɓi ta zo, kuma fannonin da ake rububinsu sukan sa iyakar gurbi bisa maki.

Ɗakin gwaje-gwaje ma ba ya gushewa don ana karatu ta intanet. Wasu jami'o'in suna aika kayan gwaji gida, wasu suna ba da damar sarrafa na'ura daga nesa, wasu kuma sai ka je ka kwana 'yan kwanaki a harabar makaranta. Jami'o'i da yawa a Ostireliya suna neman kimanin mako 12 na sanin makamar aiki kafin a yaye mutum. Mai aiki a kamfanin injiniya yana iya neman a lissafa masa aikinsa, amma da hujja a rubuce da sa hannun injiniyan da ya kula da shi.

Kafin a biya kuɗin rajista, a buɗe kundin hukumar tantancewar da kanta, kada a tsaya ga tallar jami'a. A nemo sunan digirin harafi da harafi, a duba reshe, yanayin karatu da shekarar shiga. A tambayi iyakar shekarun da aka yarda mutum ya yi kafin ya gama, da abin da zai faru idan aka sauya manhaja yana tsakiyar hanya. Mai kawo kiredit daga wata makaranta kuma ya karɓi amsa a rubuce, kwas bayan kwas, cewa karɓar su ba za ta fitar da shi daga tsarin da aka tantance ba.