Mece ce "rawar zamani" a bakin masu sana'ar?

Idan ka ce wa Bahaushe "rawar zamani", abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne rawar finafinai, ko wadda matasa ke cashewa a gidan biki su ɗora a TikTok. Ba laifinsa ba ne, domin a bakinmu duk abin da ba na gargajiya ba na zamani ne. Amma a gidajen wasa na Dakar da Wagadugu da Legas da Paris, wannan suna na wata sana'a ce daban, mai malamanta da makarantunta.

Rawar gargajiya irin su koroso da takai gadonsu ake yi. Kiɗan sananne ne, takun ma haka, gwani kuwa shi ne wanda ya fi kowa iya abin da jama'a suka riga suka sani. Ita rawar zamani tsara ta ake yi daga tushe. Akwai mai tsara rawa, mutumin da wata magana ta tsaya masa a wuya, ko yaƙi ko gudun hijira ko rashin mahaifiya. Sai ya tara 'yan rawa su shafe makonni a ɗaki ɗaya suna laluben motsin da zai faɗi maganar. Abin da ya fito a ba shi suna, tsawonsa yakan kai kamar awa guda, kuma a iya maimaita shi a kowane gari. Wani lokaci ko kiɗa babu, sai numfashi da ƙarar tafin ƙafa. Mai kallo a karon farko yakan tambaya, ina rawar? A ganina tambayar tana kan hanya, kuma amsarta ita ce a daina jiran ganga, a dubi gadon bayan mai rawar da kafaɗunsa.

Asalinta daga Amurka da Turai ne, wajen waɗanda suka gaji da ƙa'idojin rawar bale, tsohuwar rawar dandamali ta Turawa. Isadora Duncan ta yi rawa ba takalmi a farkon ƙarni na 20, Martha Graham ta kafa ƙungiyarta a New York a 1926, sannan Merce Cunningham, wanda ya yi rawa a ƙarƙashinta, ya kafa tasa a 1953.

A Afirka sunan da ba a tsallakewa shi ne Germaine Acogny. An haife ta a Benin a 1944, ta tashi a Senegal. Ita ta jagoranci makarantar Mudra Afrique da Shugaba Senghor na Senegal da Maurice Béjart, Bafaranshe mai tsara rawa, suka buɗe a Dakar a 1977. Daga baya ita da mijinta suka gina École des Sables, wato makarantar yashi, a ƙauyen masunta na Toubab Dialaw, inda ɗaya daga filayen atisayen yashi ne zalla. Salonta ya ginu a kan ƙashin baya da takun rawar Afirka ta Yamma, ba ta jefar da gado ba. Ƙungiyarta Jant-Bi ta yi wasa mai suna Fagaala a kan kisan kiyashin Ruwanda, maza zalla, jiki ne ke ɗauke da tsoro da laifi. A 2021 aka ba ta kyautar Zakin Zinariya ta rawa a Venice. Bayanta akwai Salia Sanou da Seydou Boro da suka buɗe cibiyar La Termitière a Wagadugu, da Faustin Linyekula a Kisangani ta Kwango, da Qudus Onikeku mai QDance a Legas.

Sai batun ciki, wato yadda ake rayuwa da ita. Akan kira irin wannan ƙungiya "kamfani", amma kada sunan ya ruɗe ka. Sau da yawa mutum biyar ne ko shida, da mai kula da fitilu, da wani guda da ke fama da wasiƙu da biza da tikiti. Mafi yawansu ba su da zauren kansu. Wani gidan wasa ne zai ba su ɗaki da masauki na 'yan makonni su yi aiki, wasu biyu ko uku su haɗa kuɗin shirya wasan bisa sharaɗin za a nuna shi a wurinsu. Daga nan sai rangadi, kuma a nan ne abinci yake, domin kowane dare ake biya. Wasan da aka yi wata uku ana gina shi, idan sau huɗu kawai aka nuna shi, an yi asara. Cunningham kansa a shekarun farko cikin ƙaramar bas ƙirar Volkswagen yake yawo da 'yan rawarsa.

Abin da ke damuna shi ne inda rangadin ke nufa. Kuɗi da gidajen wasa suna Turai, don haka ƙungiyar Wagadugu takan fi samun sauƙin yin wasa a Faransa fiye da Yamai da ke maƙwabtaka da ita. Mutanen da aka ɗauko labarinsu su ne ba sa ganin wasan.

Sana'a ce kuma da abu kaɗan ke iya tsayar da ita cak. A watan Maris na 2020 'yan rawa fiye da 30 daga ƙasashen Afirka fiye da 10 sun gama koyon wani shahararren wasa da Pina Bausch, Bajamushiya mai tsara rawa, ta tsara a 1975, a makarantar Acogny, saura kwanaki a buɗe a Dakar, sai korona ta rufe iyakoki. Wasan dama a kan ƙasa da aka baza a dandamali ake yin sa. Kafin kowa ya kama hanyar gida, suka sauka bakin teku da magariba suka yi shi a kan yashi, aka ɗauka a bidiyo. Sai a 2021 suka samu hawa dandamali a Madrid.